Igiya Biyu a Kashe, Ɗaya a Raya

Masu riƙe da tarihin Birnin Tudara ba sa saɓani a kan yaƙin Mashigin Gada. Duk sun yarda Sarki Jatau ya karya rundunar Kwalambe tun rana ba ta take tsaka ba. Kaura Dambo, shugaban mayaƙansa, ya ɓoye 'yan baka cikin jema a bakin kogi, ya ƙyale Kwalambawa suka shiga ruwa har iya ƙirji, sannan ya sa aka busa ƙaho. Wanda kibiya ta kuskure, ruwa ya same shi. Sarkin Kwalambe ya sha da ƙyar da rauni a cinya, aka kamo mutum ɗari uku daga cikin mutanensa aka zube a ƙofar fada a ɗaure. Inda masu tarihin suke rabuwa shi ne a kan abin da ya biyo baya. Ni kuwa ban ga laifinsu ba, don waɗanda suka zauna a majalisar ranar ma kowa da abin da ya tashi da shi.

Wata 'yar takarda ce ta jawo komai. Kwana goma kafin yaƙin, wani Bayahude ɗan kasuwa daga Tuwat, can cikin sahara, ya zo gaishe da sarki, ya miƙa masa ita kyauta. Ya ce aya ce daga tsohon littafinsu, shi ya juya ta da Larabci, tana ba da labarin wani sarkin Bani Isra'ila da duk inda ya nufa sai ya ci nasara, da abin da ya yi bayan ya ci wata ƙasa. Sarki Jatau mutum ne mai son a jera sunansa da na manya. Bai tsaya an karanta masa ba. Ya sa baduku ya ɗinke ta cikin fata, ya rataya ƙarƙashin sulke, ranar fita kuma ya tsaya gaban runduna ya rantse da Allah: in ya yi nasara, kafin kwana uku zai aikata abin da sarkin nan ya aikata, ba ƙari ba ragi. Bayahuden kuwa ya bi ayari ya koma arewa abinsa.

Ranar da kwana ukun suka cika, da hantsi, aka aika a kira Magatakarda Tunau, mai rubuta wa sarki wasiƙu, ya zo ya karanta. Hanyarsa ta shiga fada ta bi ta gaban fursunonin. Yana tafe yana kawar da kai, sai idonsa ya faɗa kan wani hannu mai yatsa shida, ɗaure da wani hannun. Ya ɗaga ido. Cindo ne, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, maƙeri, wanda ya koma Kwalambe shekara goma sha biyu da suka wuce ya yi aure can. Ba mayaƙi ba ne, gyaran masu da takubba ya biyo runduna. Suka dubi juna. Tunau ya wuce yana gode wa Allah da bai taɓa gaya wa kowa a fada yana da ɗan'uwa a Kwalambe ba.

Majalisa ta cika. Aka farke fatar a gaban kowa, aka miƙa wa Tunau takardar. Ya buɗe ta. Gumin sarki da ruwan kogi sun shiga cikin layar, tawada ta jiƙe ta bazu, fiye da rabin rubutun ya zama baƙin tabo. Abin da ya rage ma rubutu ne irin na fataken arewa, babu wasali, ɗigo kuwa sai inda mai shi ya ga dama.

Sarki ya ce, "Muna saurare, Magatakarda."

"Allah ya ja zamanin sarki, ruwa ya cinye da yawa. Abin da idona yake iya kamawa shi ne: ya ci su da yaƙi. Sai tabo. Ya kwantar. Sai tabo. Ya auna da igiya. Igiya biyu a kashe, igiya ɗaya a raya. Iyakar abin ke nan."

"Me ya kwantar? Me ya auna?"

"Nan ne tabon yake, ranka ya daɗe."

Wani ya ce a tura manzo ya cim ma Bayahuden, aka lissafa aka ga zuwa da dawowa sai kwana arba'in, rantsuwa kuwa ranar take cika. Sai Sarkin Noma ya muskuta ya faɗi gaisuwa.

"Zaki, ni ban ga abin wahala a nan ba. Me ake aunawa da igiya in ba gona ba? Sarkin nan ƙasar da ya ci ya raba uku. Kashi biyu ya bar su saura, kashi ɗaya ya raya da shuka."

Tunau ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi, har ya buɗe baki zai ce haka ne. Sarki ya riga shi.

"Runduna na ci, Sarkin Noma, ban ci ƙasa ba. Kwalambe tana hannun mai ita. Gonar da ban taka ba zan auna?"

Kaura Dambo ya gyara zaman takobinsa. "Allah ya ba ka nasara, ni ban yi karatu ba, amma na san abin da ake kwantarwa. Rago ne da mutum. Sarkin nan fursunoni ya kwantar a ƙasa jere, ya ja igiya a kansu. Tsawon igiya biyu aka yanka, tsawon ɗaya aka sake su je su ba da labari. Ga su can a ƙofa, ɗari uku. Ɗari biyu nawa, ɗari na Allah. Da safen nan ma ungulu uku suka sauka kan soron ƙofa, biyu suka tashi, ɗaya ta zauna. Kowa ya gani."

Galadima Korau, tsoho mai sanyin murya wanda bai taɓa ɗaga ta ba ko a gidansa, ya yi murmushi.

"Ungulun da suka tashi su ne suka mutu, ko wadda ta zauna? Bar ungulu, Kaura, ba su yi karatu ba su ma. Kwantarwa kuwa, ai fitina ma ana kwantar da ita. Ina da tambaya ga majalisa. A duk abin da Allah ya halatta, mene ne yake da igiya uku, kuma ake kashe shi ba a zubar da jini ba?"

Ba wanda ya amsa, sai Liman, da maganar ta kuɓuce masa. "Aure."

"Liman ya faɗa, ba ni ba," in ji Galadima. "Ga alama sarkin nan yana auren 'yar ƙasar da ya ci. Ya kashe igiya biyu don maƙiya su san an hore su, ya raya ɗaya don kada zumunci ya yanke. Hukunci ne na mai hikima, ba na mahauci ba."

Kowa ya sunkuyar da kai, don kowa ya san inda kibiyar ta nufa. Uwar Soro Yalwa, matar sarki ta shekara talatin da ɗaya, yayar Sarkin Kwalambe ce, kuma ita ta haifi Yarima mai jiran gado. Galadima kuwa ya daɗe yana so sarauta ta koma wani ɗaki. Wannan ba asiri ba ne, ko matan da suke daka a bayan fada sun sani.

Liman ya ga abin da bakinsa ya jawo, ya yi maza ya ce, "Ranka ya daɗe, rantsuwa tana da kaffara. Azumin kwana uku, an wuce wurin."

"A gaban mutum dubu huɗu na rantse, Liman, wasunsu suna kwance a gindin kogi yanzu. In gaya wa 'ya'yansu na fanshe maganata da yunwar kwana uku?" Sarki ya juya. "Tunau, a cikinmu kai kaɗai ka ga baƙaƙen nan da idonka. Mutane ne, ko aure?"

Tunau ya sake duban takardar, ba don yana sa ran ganin wani sabon abu ba. Kansa ya ɗaure tamau. A iya saninsa Balarabe ba ya cewa an kashe aure, wannan bakin Bahaushe ne, kuma kalmar da take kan takardar ya fi sabawa da ita a wurin da jini yake. To amma Larabcinsa na wasiƙa ne, na gaisuwa da neman hanya ga fatake. Wa ya san yadda Yahudawan Tuwat suke magana a gidajensu? Wa ya san abin da tabon ya haɗiye? Wataƙila sunan mace ne a ciki. Wataƙila gona ce, kamar yadda Sarkin Noma ya ce. Ya rasa inda saninsa ya ƙare da inda son ransa ya fara.

Abu ɗaya ne bai rikice masa ba. In ya ce mutane, cikin kowane uku biyu za su mutu, kuma Cindo yana cikinsu. In ya ce aure, saki biyu ai yana da kome. Sarki zai furta, ya mai da matarsa kafin la'asar, ba abin da zai ragu sai 'yar kunya. Ya tuna Yalwa ce ta ambaci sunansa ga sarki har aka ba shi alƙalamin fada, ya ji kunya ta rufe shi. Duk da haka ya buɗe baki.

"Allah ya ja zamanin sarki, maganar Galadima ta fi kusa."

"Ba kusa na tambaye ka ba."

"Aure ne, ranka ya daɗe."

Kaura ya dube shi duban da ya daɗe. Sarki kuwa har ya ɗan saki fuska, don shi ma lissafin da Tunau ya yi ya yi. Ya sa aka kira Uwar Soro. Ta zo ta zauna bayan asabari, ta gaishe shi da muryar da ba ta san abin da ake ciki ba.

"Yalwa, rantsuwa ta hau kaina, kuma malamai sun ce ta kanki za ta sauka. Ki yi haƙuri da abin da za ki ji, magana ce ta fatar baki, yanzun nan zan gyara ta. Na sake ki..."

"Dakata, ranka ya daɗe," in ji Yalwa.

Bai dakata ba. So yake ya haɗiye maganin da sauri ya huta. "Na sake ki saki biyu. Liman, ka shaida, ɗaya tana nan, kuma na mai da matata."

Daga bayan asabari Yalwa ta yi magana a hankali.

"Da wace igiyar za ka mai da ni?"

"Da ta ukun."

"Shekarar da na haifi Yarima, ka shirya za ka kai wa mahaifina hari, na kama rigarka a ƙofar barga. Ka ce in sake ka ko ka sake ni. Ban saki ba, ka ce ka sake ni saki ɗaya, ka hau doki. Bayan wata guda ka dawo ka shigo ɗakina kamar ba a yi ba, ni ma ban tayar ba. Kai ka manta. Wadda aka yi wa ba ta mantawa. Biyu suka rage mana, Jatau, yau ka tsinke su. Tambayi Galadima, shi ya riƙe maka linzami ranar."

Wannan ne karo na farko da aka taɓa jin ta kira sunansa. Ido duk ya koma kan Galadima. Tsohon ya shafa gemu ya ce tsufa ba ta bar masa komai a ka ba. Sarki ya dube shi ya ce, "Ni da kai akwai zama." Sannan ya dubi Liman, ba tare da ya iya tambaya ba. Liman ya amsa kansa a ƙasa.

"Ta haramta, ranka ya daɗe."

Na ji tsofaffi suna cewa Sarki Jatau ya tsufa a wannan zaman. Tunau kuwa ji ya yi da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya zo ceton mutum ɗaya, ya rushe gidan matar da ba ta taɓa yi masa komai ba sai alheri.

Yalwa ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Tun da yanzu ni baƙuwa ce a gidan nan, bari in yi roƙon baƙo. An ce mini rantsuwarka biyu a kashe ce, ɗaya a raya. Biyun ka kashe a kaina. Ta rayawar ba ka da ita a ɗakina, sai ka neme ta a ƙofar fada. 'Yan'uwana ne suke kwance can."

Sarki ya ce a kwance igiyar rijiyar fada, mai tsawon gaba talatin, a kwantar da fursunonin jere kafaɗa da kafaɗa. Duk wanda igiya ta hau kansa zai raka Yalwa gida.

"Saura fa, Zaki?" in ji Kaura.

"Naka ne. Ba zan tambaye ka ba." Ya nuna Tunau da sanda. "Kai ka karanta, kai za ka auna."

Rana ta take, rairayin ƙofar fada ya yi zafin da ba a taka shi ba takalmi. Dogarai suka kwantar da mutanen rub da ciki yadda aka ɗaure su, ba zaɓe. Kaura ya kafa turke kusa da na farko da hannunsa, ya ɗaura bakin igiya, ya miƙa wa Tunau sauran. Tunau ya soma tafiya da baya yana warwarewa. Goma, ashirin, hamsin. Waɗanda igiyar ta hau bayansu suna ta salati a hankali. Tun yana wajen na saba'in ya hango hannun nan mai yatsa shida a gaba, ya dubi abin da ya rage a kafaɗarsa, ya kasa gane ko zai kai. Ya ci gaba. Nannaɗin ya yi ta raguwa har ya ƙare. Bakin igiyar ya tsaya a kafaɗar wani dattijo, wanda yake kwance jikin Cindo.

Tunau ya ja. Ya naɗe bakin a hannu ya kafa ƙafa ya sake ja har tafinsa ya tsage, igiyar ta ƙaru da ɗan yatsa, ta tsaya.

"Igiya ba danƙo ba ce, Magatakarda," in ji Kaura.

Cindo ya juyo da fuskarsa daga rairayi ya ce a hankali, "Yaya, sake ta. Ba za ta kai ba."

Tunau ya saki. Ya je gaban sarki, wanda ya fito yana tsaye ƙarƙashin laima, ya zube.

"Allah ya ja zamanin sarki, a ƙasarka ko mai dawa in ta auna mudu takan ƙara gyara. Awon sarki bai kamata ya tafi babu gyara ba. Mutum ɗaya nake roƙo."

Kaura ya matso. "Zaki, a tambaye shi wane ne gyaran. Ni na kama maƙerin nan da hannuna, kuma na tambaye shi sunan ubansa. Sunan uban Magatakarda ne."

Sarki ya dubi Tunau, ya dubi jerin mutanen, ya dubi ƙofar gida inda ake ta fito da kayan Yalwa ana ɗora wa raƙuma. Aka ga fahimta tana shigarsa a hankali, kamar ruwa a busasshiyar ƙasa.

"Tunau, tsakaninka da Allah. Takardar nan aure ta ce?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"To mutane ta ce?"

"Wallahi ban sani ba. Na fi zaton mutane. Amma ban sani ba."

"Da ban sani ba ka kashe mini auren shekara talatin da ɗaya." Sarki bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsoratar da waɗanda suke kusa. "Ka yi gaskiya, awo ba ya tafiya babu gyara. Amma gyara daga kwaryar mai sayarwa yake fita, ba daga ta mai saye ba. Kai ka sayar mini da fassarar nan. Maƙerin zai tashi. Adadin Kaura kuwa ba zai ragu ba."

Tunau ya ɗan jima a durƙushe kafin maganar ta gama isa kansa. Sai ya faɗi gaisuwa irin wadda ya saba kullum in an sallame shi, ya miƙe. Ya warware rawaninsa ya naɗe ya ajiye gaban Liman, ya ɗora takardar a kai. Dogari ya yanke ɗaurin Cindo ya tashe shi tsaye. Maƙerin ya riƙe rigar yayansa da hannu biyu, hawaye na wanke rairayin da ya manne masa a fuska.

"Yaya, kada ka yi. Ni aka kama, ba kai ba."

"Kana da 'ya'ya huɗu, in ji fatake. Bi Uwar Soro. In kun yi nisa da gari ka ce mata ina neman gafara, don ni ba ni da idon da zan dube ta."

Aka janye Cindo zuwa wajen raƙuma yana waiwaye. Tunau ya dubi gurbin da ƙaninsa ya bari tsakanin dattijon nan da wani saurayi. Wurin ya yi masa ɗan kaɗan, don ya fi Cindo faɗin kafaɗa. Ya ce wa saurayin ya ɗan matsa, ya durƙusa, ya kwanta.